Ɗaure talabijin a motar da ake kwana a ciki

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum. Na mayar da bayan motata ɗakin kwana, ina son sa talabijin mai inci 24. Yaya zan kafe ta don kada gargadar hanyar Marwa ta fasa ta?

Amsa, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ramuka huɗun da ke bayanta na maƙali ne, sai a sayi na ƙarfe mai makulli, a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen motar, domin falanki kaɗai ba ya riƙewa idan mota ta faɗa rami.

Amsa, Kusiri: Tawa ta tsage kafin mu kai Mora, saboda hannun maƙalin ya yi ta lilo. Yanzu ina sa soso tsakaninta da bango, in ɗaure ta da igiyar roba.

Amsa, Njamena: Alhaji, a riƙa duba notocin bayan kowace tafiya, girgiza tana kwance su.