Waɗanda suka yi kwas ɗin koci a damben boksin: me kuka tarar a can?

Bahago:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ajiye safar dambe, yanzu ina taya kocinmu kula da yara a wurin atisaye. Ya ce lallai in nemi kwas ɗin matakin farko, don ranar gasa ba za a bar ni in zauna a kusurwa babu lasisi ba. Gaskiya abin bai kwanta mini ba. Mutumin da ya sha naushi ya kuma bayar shekara da shekaru, me za a koya masa a gaban allo? Waɗanda suka yi, don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani.

Mai Tawul:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ranar farko a namu kwas ɗin ko safa ba mu taɓa ba. Malamin ya ɗaga littafin tarihin wasa na wani yaro, ya rufe sunan da yatsa, ya ce: an yi wa wannan bugun kwaf ɗaya mako uku da suka wuce, yanzu garau yake, yana ci yana gudu, mahaifinsa na so ya kara ranar Asabar. Wa zai sa shi? Hannuwa da dama suka tashi, kuma yawancinsu na tsofaffin 'yan dambe ne. Sai ya buɗe mana ƙa'ida: aƙalla kwana 30 ba gasa, ba kuma karawar gwaji a wurin atisaye. In ya suma ƙasa da minti ɗaya, kwana 90. In suman ya wuce minti ɗaya, kwana 180. Bayan haka ma sai likita ya sa hannu. Dalilin shi ne ƙwaƙwalwar da ta bugu ba ta gama warkewa ba, in ta sake buguwa tana iya kumbura, ko da naushin na biyu bai kai na farko ƙarfi ba.

Amma inda aka fi shan wuya shi ne jarrabawar aiki. Za a ba ka mutumin da bai taɓa dunƙule hannu ba, a ce koya masa tsayuwa da naushin hannun gaba, masu jarrabawa na zaune da takarda. Na ga wani gwani, wanda duk muna jin sunansa, ya jefa naushi uku kamar walƙiya ya ce wa ɗalibin "yi haka". Ɗalibin ya tsaya sororo, ƙafafunsa a jere, haɓarsa a sama. Gwanin ya sake nunawa da sauri fiye da na farko, ransa ya fara ɓaci. Bai ci ba a ranar. Wata malamar makaranta da ba ta taɓa hawa dandamali ba ita ta fi kowa maki: ta fara daga ƙafa, ta zana layi a ƙasa da alli, ta gyara abu ɗaya tak a kowane gwaji, sai da yaron ya iya sannan ta ƙara na gaba.

Baba Koci:
Yaro, ka je ka yi, amma kada ka ɗauka takarda ce za ta mai da kai koci. Mu da bokiti muka fara. Kana riƙe da ruwa da soso a bayan babba, kana kallon abin da yake kallo, har idonka ya buɗe. Angelo Dundee, wanda ya zauna a kusurwar Muhammad Ali, da ɗaukar bokiti ya koyi aikin a wurin atisayen Stillman da ke New York, kuma shi ba zakaran dambe ba ne. Ina ganin samari da satifiket sabo fil, ɗan wasansu ya dawo kusurwa gwiwoyinsa na rawa, su kuwa suna ta zuba masa dabaru guda bakwai cikin minti ɗaya. Yaron da ya sha naushi ba ya jin magana bakwai. Cire masa robar baki, bar shi ya ja numfashi, dubi ƙwayar idonsa, tambaye shi turmi na nawa ake ciki. In ya amsa daidai, faɗa masa abu ɗaya. In ya yi jim yana kallonka, wasa ya ƙare, ko da shi ke kan gaba a maki. Wannan idon ba a kwana uku ake samunsa ba.

Sai dai zan faɗi gaskiya, kwas ɗin sabunta lasisi ya yi mini rana a 2013. Tun gasar Olamfik ta Barcelona a 1992 da kwamfuta ake ƙirga naushi, bayan abin kunyar da aka yi wa ɗan damben Amurka Roy Jones Jr. a Seoul a 1988, inda alƙalai suka ba abokin karawarsa nasara duk da ya fi shi. Shekara ashirin muna koya wa yara su taɓa su tsere, don alƙali ya danna maɓalli. Kwatsam a 2013 aka koma tsarin maki 10, inda ake duba wanda ya mamaye turmin da ingancin naushinsa. A shekarar kuma aka cire wa manyan maza hular kariya, wadda ake sawa a Olamfik tun 1984. Yaranmu sun saba shiga da ka gaba saboda hula na tare musu, sai ga tsagewar gira ta ko'ina daga karon kai. A aji aka nuna mana yadda za mu sake musu shiga da fita, da inda kai zai zauna in an matso kusa. Wanda bai je ba ya ci gaba da koyar da damben da aka daina yi.

Maman Yusra:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ta wata ƙofar na shigo. 'Yata ce ta fara dambe, ni mai rakiya ce kawai. Gab da wata gasa na tarar wani mai horarwa ya sa 'yan mata uku sun naɗe jiki da leda suna tsallen igiya, ya hana su ruwa tun safe, kowace da kwalba a hannu tana tofa yawu don nauyi ya sauka kafin awo. Yara 'yan shekara 15. Leɓɓan ɗaya har sun tsattsage. Da na yi magana ya ce haka aka yi masa shi ma. Ba shi da lasisi, amma an daɗe ana ce masa koci. Daga nan na cire 'yata na kai ta wani wuri, ni kuma na yi rajistar kwas.

Kusan rabin abin da aka koya mana kare yara ne. Yaro mai tasowa ba a matse shi ya zauna a ajin nauyin da jikinsa ya wuce, sai a matsa da shi aji na gaba. Ba a keɓewa da yaro shi kaɗai a ɗaki ko a mota. Wurin awon 'yan mata mace ce ke tsayawa. Haɗa karawa kuma ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da shekaru da yawan wasannin da kowa ya yi: 'yan 15 zuwa 16 rukuninsu daban, 'yan 17 zuwa 18 daban, manya daga 19. Wanda ya yi wasa ashirin ba a haɗa shi da mai wasa biyu don kawai sikeli ya nuna lamba ɗaya. Tun da mata suka shiga Olamfik a Landan a 2012 'yan mata ke ƙaruwa a wuraren atisaye, mata masu horarwa kuwa har yanzu ƙalilan ne. A ajinmu sai ka waiga sosai kafin ka ga mace.

Ɗan Auta:
Ku kun yi dace. Wanda na halarta, malamin karanta takarda ya yi ta yi har muka fara gyangyaɗi, babu jarrabawar aiki sam. Akwai waɗanda sai ranar rufewa suka bayyana, aka ɗauki hoto, kowa ya karɓi satifiket iri ɗaya. Duk abin da na iya a wurin babban kocinmu na koya. Kafin ka biya, tambayi waɗanda suka yi a hannun malamin ko ana kayar da mutum a jarrabawarsa.

Rafali:
Daga tsakiyar dandamali nake ganinku, kuma tun wurin duba bandeji nake gane wanda ya yi karatu. Ƙa'ida ta ce tsawonsa daga mita 2.5 zuwa 4.5, amma sai a kawo mini hannu an naɗe shi ya yi tauri, in ce a kwance, koci ya hau faɗa. Mutum uku aka yarda su zauna a kusurwa, biyu ne za su hau bakin dandamali a lokacin hutu, ɗaya kaɗai zai shiga cikin igiya. Tawul kuma ba a jefa shi ina tsakiyar ƙirga. Na sha ganin an jefo shi ina kan biyar, koci na ihu wai na ƙi tsayar da wasa. Da ya jefa tun kafin naushin da ya jawo ƙirgar, da ya fi wa yaronsa amfani.

Wani abu, Bahago, in burinka ya wuce matakin gida. Tsarin matakan koci na tauraro ɗaya, biyu, uku da aka sani na AIBA ne, wato ƙungiyar damben boksin ta duniya, wadda ta koma IBA a 2021. Kwamitin Olamfik na duniya ya janye amincewarsa da ita a watan Yunin 2023, sannan a Fabrairun 2025 ya ba wata sabuwar ƙungiya, World Boxing, amincewar wucin gadi. Don haka ka fara tambayar hukumar damben ƙasarka wace ƙungiya take bi, kada ka je ka yi kwas ɗin da ba zai shigar da kai gasar da kake so ba. Matakin farko dai a hannun hukumar ƙasa yake, da shi za ka fara.

Bahago:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Baba, me zan fara shiryawa kafin lokacin?

Baba Koci:
Ba a fafe gora ranar tafiya. Nemi takardar taimakon gaggawa tun yanzu, kusan ko'ina sai an tambaye ta. Ka rubuta atisayen awa ɗaya a takarda, daga ɗumama jiki har zuwa hucewa, ka kai wa kocinka ya yi maka gyara da jan biro. Sannan ka roƙe shi ya bar maka sababbin shiga, waɗanda ba su san komai ba, ba gwanayen ba. Kuma yawancin yaran da za a ba ka na-dama ne, kai kuwa ƙafar dama kake sawa gaba. Tsaya gaban madubi ka koyi nuna komai da ƙafar hagu a gaba har ya zauna maka, in ba haka ba duk ajin za su kwaikwayi tsayuwarka.