Neman shawara: ƙotar bindigar farautata ta tsage, ta roba zan sa ko ta katako?

Abban Hanifa, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa mafarauta. Ina da Baikal mai baki ɗaya, 'yar Rasha, mai cin harsashi lamba 12, da ita nake fita neman zabi da fakara ta wajen Toro idan an gama girbi. Makon jiya na ɗauko ta daga bayan ƙyaure zan goge, sai na ga tsaga a wuyan ƙotar, daidai inda hannun dama ke kamawa bayan kunama. Tsawonta ya kai ɗan yatsa, in na murɗa kaɗan sai ta buɗe baki har farce ya shiga. Katakon wurin ya yi baƙi, ya yi laushi. Ƙanena da ke Abuja ya turo min hoton wata baƙar ƙotar roba a intanet, wai zai yi min oda daga waje, ba ruwanta da damina ko hunturu. Wani kafinta a layinmu kuma ya ce in kawo ya sassaƙa min sabuwa cikin kwana biyu. Na rasa wacce zan kama. A taimaka.

Ɗan Gangare:
Gam ɗin Araldite na nawa yake? Cika tsagar, ka naɗe da robar tayar keke, gobe ka shiga daji.

Baba Maizabi, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bi ta Ɗan Gangare, kuma kada ka sake harba ta a haka. Wuyan nan shi ke shanye dukan bindiga duk lokacin da ta tashi, ranar da ya rabu biyu, ƙarfen zai nufi fuskarka.

Baƙin da ka gani mai ne. Kana zuba mata mai kana jingine ta baki sama, shekara da shekaru man yana gangarowa yana shiga katakon har ya ruɓar da shi. Gam ba ya kama katakon da ya sha mai. Da busasshiyar tsaga ce, da na ce a liƙa, amma wannan ta wuce nan. Sannan ga iskar Jos: damina katako ya kumbura, hunturu ya tsotse shi, wurin da ya riga ya yi rauni sai ya buɗe. Daga yau ka riƙa ajiye ta baki ƙasa, ka rage hannu wajen mai.

Ɗan Gangare:
Tuba nake Baba. Tawa dai shekara uku ke nan da gam.

Baba Maizabi, Bukuru:
Allah ya ci gaba da tsare ka, amma ranar fita kada ka tsaya kusa da ni.

Lauya Sani, Tudun Wada:
Kafin a kai ga roba ko katako, Malam, lasisin da sunanka yake? Ina tambaya ne saboda dokar makamai ta 1959 ba ta bar wannan a sake ba. A fassararta, sassan bindiga ma bindiga ne, don haka shigo da su daga waje ba kamar odar takalmi ba ne, sai da izini. Ƙanenka na iya biyan kuɗi kayan su maƙale a hannun kwastan, a kuma neme shi da bayani. Gyara ma haka: mai sana'ar gyaran irin wannan bindiga sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Kafintan layinku bai da shi, na tabbata. Ka fara zuwa hedikwatar 'yan sandan jiha, sashen da ke kula da lasisin, ka tambayi wanda suka amince ya yi gyara. Duk inda za ka da ita, takarda na aljihunka. Ka san yawan shingayen da ke hanyoyinmu.

Abban Hanifa, Rikkos:
Da sunana take, Barista, ina sabunta ta. Maganar oda kuwa wallahi ban san haka abin yake ba. Yanzu zan kira yaron.

Injiniya Bala, Anguwar Rogo:
Ni na riƙe mai ƙotar roba, bari in faɗi gaskiyarta. Ruwa ba ya damunta, ba ta kumbura, ba ta tsagewa don sanyi. Amma mai araha holoƙo ce, ciki fayau, ba nauyi, kuma bindiga mai baki ɗaya dama ba ta da nauyi. Duk abin da ka rage mata, kafaɗarka ce za ta biya. Ga ƙara: reshe ya taɓa ta ka ji ƙwal kamar an bugi jarka, fakara kuwa ba ta jiran sallama. Sannan da asubar Disamba ka ɗora kumatu a kan roba ka ji yadda take.

Babbar matsalar ma ita ce dacewa. Yawancin waɗanda ake tallatawa an yi su ne don bindigogin Amurka irin su Remington 870 da Mossberg 500. Kowace ƙira da yadda bakin ƙotarta ke shiga jikin ƙarfe, da inda doguwar ƙusar da ke ɗaure ta take bi. Ta zo ba ta zauna daram ba, ka ga an fara fiƙe nan, a cusa takarda can. Ƙotar da ke motsi ko kaɗan ba ta daɗewa.

Baba Maizabi, Bukuru:
Injiniya ya gama magana. In ka samu mai izinin, ga abin da za ka tsaya a kai. Turawa da katakon walnat suke yin masu tsada, mu nan maɗaci ya wadatar. Kirya ta fi ƙarfi, amma ka yini da ita a kafaɗa cikin duwatsu sai ka tsani farauta. Kada ka yarda da ɗanyen katako. Wanda ya ce maka kwana biyu, da ɗanye zai yi, hunturu ɗaya ya kanannaɗe. Ka shiga Kasuwar Katako ka nemi wanda ya shekara a inuwa, ko tsohon ƙyaure ma in ka samu mai kauri.

Ka duba jijiyar katakon da idonka. Dole ta bi tsawon wuyan ta miƙe, kada ta gitta shi, kada kuma a samu ƙulli a wurin. Kyan zane a gindi ado ne kawai.

Sai awo, wanda mutane ke rainawa. Daga kunama zuwa ƙarshen gindi, na kamfani kan kai inci 14 ko kusa da haka, amma ba kowa ne tsayinsa ɗaya ba. Ka sa rigar sanyin da kake fita da ita, ka tabbatar ba harsashi a ciki, ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, sannan ka buɗe. In idonka ya sauka a kan layin bakin ba tare da ka miƙa wuya ko ka duƙar da kai ba, ta yi. In babban yatsanka na taɓa hanci, ta yi gajarta. A sa maka robar da ke rage duka a gindin, a lissafa kaurinta cikin awon. Ban da fenti mai ƙyalli, a shafa man linsid, wanda ake shafa wa katako, sama-sama, a bari ya bushe, a sake.

Tsohuwar kuma kada ka yar, da ita za a kwafi bakin da ke shiga jikin ƙarfe.

Abban Hanifa, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu ƙanena, ashe saura ƙiris ya tura kuɗin, na ce ya dakata. Baba, na gwada awon yanzu da jaket ɗina, sai da na miƙa wuya kafin idona ya hau layi, ashe shekarun nan duk ta yi min tsawo, ni ina ta zargin harsashi. Litinin zan je hedikwata da takarduna. Akwai wani tsohon ƙyauren maɗaci a gidanmu na Gangare tun na kakanmu, zan auna kaurinsa in turo hoto ku gani ko zai yi.

Ɗan Gangare:
Ka tambayi Hajiya tukuna kafin ka cire mata ƙofa.