Ku duba mini hoton nan na Hawan Daushe

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga hoton da na ɗauka da waya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. A gida kowa ya ce ya yi, amma ni raina bai kwanta da shi ba. Don Allah a faɗa mini abin da ya rage.

Uwar Biyu: Masha Allah, ya yi kyau!

Baban Studiyo: Wa alaikumus salam. Ka datse wa dokin ƙafafu, babu kofato ko ɗaya. Ga falwaya ta tsiro daga rawanin mahayin. Da ka matsa dama kaɗan da ta fita.

Bazazzage: Bakano da son cika kaya, har a hoto. Doki, dogarai, mai algaita, mai sayar da ruwa, duk a wuri ɗaya kamar Kantin Kwari.

Ɗan Gwale: Ka bari mu gama, zan dawo kanka.

Anti Mai Kyamara: Ƙanena, ka yi dabara da ka kawo shi nan. Lokacin da nake koyo na kai wa wani mai studiyo hotunan da na ɗauka a marinar Ƙofar Mata. Ko gama dubawa bai yi ba ya ce wannan ba sana'ar mata ba ce, in je in nemi abin yi. Bai nuna mini wuri ɗaya ya ce nan ne matsalar ba. Na daɗe ban taɓa kyamara ba saboda maganar nan. Shi ya sa nake roƙon masu gyara: a faɗi abin da ya yi daidai, a ɗora yatsa a kan abin da ya ɓaci, a faɗi maganinsa. Naka, jan kayan dogaran nan ya fito sosai a cikin ƙura, kuma ka kama dokin yana ɗaga kai, wannan sai mai haƙuri. Amma ka dasa mahayin a tsakiya, hancin dokin ya kusa taɓa gefen hagu, sarari duk yana bayansa. Dokin da ke sukuwa a gabansa ake bar masa fili, don mai kallo ya ga inda ya nufa. Kunna layukan nan na kyamarar waya masu raba allo gida tara, ka ajiye fuskar mahayin inda layi biyu suka haɗu. Sannan ka durƙusa. Daga tsaye jama'a ce bayan dokin, daga ƙasa kuwa sama ce.

Malamin Makaranta: Durƙuso a wajen jahi? Anti so kike a tattake yaron nan?

Anti Mai Kyamara: Malam, ai ban ce ya shiga gaban dawaki ba. Daga gefen hanya, kafin a fara jahi.

Ɗan Damagaram: Ni ban yarda da gida taran nan a ko'ina ba. Ku duba hotunan Seydou Keïta na Bamako, mutum a tsakiya yake, kuma duniya ta sallama masa.

Baban Studiyo: Shi a studiyonsa yake ɗaukarsu, ga zane a baya, shi ya tsara komai. Doki ba ya jiran ka.

Uwar Biyu: Wace waya ce? Tawa da yamma komai dishi-dishi.

Bazazzage: Hajiya, goge gilashin da gefen mayafi tukuna, kuma ki daina jawo hoto da yatsa. Ki matsa da ƙafa.

Malamin Makaranta: Tunda UNESCO ta saka hawan Kano cikin al'adun duniya a 2024, ya kamata a ce namu hotunan ne ke yawo. Masu koyo su leƙa Bits of Borno, shafin hotunan Fati Abubakar, su ga yadda take ware mutum ɗaya daga cikin taro.

Ɗan Gwale: Na gode ƙwarai. To falwayar nan, in goge ta ko in bar ta?

Baban Studiyo: Rage saman a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, ka miƙe katangar, ta karkata. Sai ka turo shi a matsayin fayil, WhatsApp na cinye ingancinsa.

Ɗan Damagaram: Ragewa dai, ban da gogewa. Abin da ke wurin a bar shi.

Uwar Biyu: Har yanzu ba a faɗa mini sunan wayar ba fa.