Hutun aiki: gidan kallon ƙwallo ko filin Sani Abacha da zagayen cikin birni?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana zan ajiye, mai ja ya ja. Duk ma'aikacin da ke zaune a Kano, aka ba shi hutun shekara, ya ƙarar da shi a kan bencin gidan kallo yana ihu saboda Arsenal ko Madrid, a wurina bai yi hutu ba. Wurin zama kawai ya sauya. Hutu shi ne ranar wasa ka shiga filin Sani Abacha ka kalli Pillars da idonka, sauran ranakun ka kwashi yara ku hau Dala, ku shiga Gidan Makama, ku leƙa marinar Ƙofar Mata.

Na Gunners: Wa alaikumus salam. Yaya, ban yarda ba. Hutu ai abin da ya kwantar maka da rai ne. Ni shekara guda ina tashi da asuba ina bin layin adaidaita, idan na samu sarari ba abin da nake so kamar in zauna da abokaina mu kalli wasa mai kyau. Gidan kallon yana bakin layinmu, ba kuɗin mota, ba turereniya a ƙofa. Kuma mu faɗi gaskiya, ƙwallon da ake bugawa a Ingila da wanda ake bugawa a nan ba ɗaya ba ne.

Ɗan Fagge: Ƙanena, ba wanda ya ce ɗaya ne. Amma kana magana kamar Pillars ƙungiyar unguwa ce. An kafa ta a 1990, ta ɗauki kofin lig na ƙasa sau huɗu: 2008, sannan 2012, 2013 da 2014 a jere. A 2009 ita ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauki kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na ƙasa. Ahmed Musa da kuka gani a talabijin yana cin ƙwallo a kofin duniya, a wannan filin jama'a suka fara saninsa, kuma ya dawo ya sake sa rigar. Filin kansa an buga gasar cin kofin Afirka a cikinsa a 2000, an buga ta matasan duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Idan mutum dubu goma suka haɗa baki suka ce "Sai masu gida", jikinka ne ke amsawa. Akwatin talabijin ba ya ba ka wannan.

Anti Nas: Ku dakata, kun tsallake tushen maganar. Kwana nawa ne hutun ma? Dokar ƙwadago ta Najeriya mafi ƙarancin abin da ta tanada wa ma'aikaci shi ne ranakun aiki shida da albashi, bayan ya yi wata goma sha biyu yana aiki ba yankewa. Ma'aikatan gwamnati suna samun fiye da haka, amma ku tambayi masu aiki a shaguna da ƙananan kamfanoni, da yawa ko shidan ba sa gani. Mu masu aikin dare kuwa, idan hutu ya zo bashin barci muke fara biya. Don haka kada a raina wanda ya zaɓi abin da ya fi kusa da gidansa.

Malam na Gwale: 'Yata, maganarki gaskiya ce, kuma ita ce ma ta sa na fi karkata ga Ɗan Fagge. Wanda hutunsa gajere ne, aljihunsa kuma ba nauyi, shi ya fi dacewa da cikin birni. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wa ke iya ɗaukar iyali zuwa Yankari don wanka a Wikki, ko zuwa Argungu kallon bikin kamun kifi? Sai mai hali. Amma abin da Turawa ke biyan kuɗin jirgi su zo gani yana nan a bayan gidanmu.

Bari in faɗa muku yadda wuni ɗaya zai tafi. Ku fara da Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Daga samansa za ka ga Goron Dutse, ka ga hasumiyoyin babban masallaci, ka ga yadda tsohon birni ya cunkushe sannan sababbin unguwanni suka bazu. A nan za ka ba yaro labarin Barbushe da Tsumburbura, ya san garin nan ya girmi masarautar kansa. Ku sauko ku bi ta Kurmi, kasuwar da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ku tsaya wurin dukawa da masu kayan doki, ku ga sirdi da linzami da likkafa a hannun masu yin su. Daga nan Gidan Makama, daura da gidan Sarki. Ginin ƙasa ne mai daurin guga, ka shiga da rana tsaka ka ji sanyi, a ciki kuma akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Sai marina. Ana cewa tun 1498 ake rini a Ƙofar Mata. Har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan, marini yana tsoma zane yana ɗagawa don ya sha iska, launin yana juyawa a gaban idonka daga kore-kore zuwa shuɗi. A gefe masu bugu suna dukan yadi har ya yi ƙyalli. Na koyar da yara shekaru masu yawa, kuma abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibi ya jero maka 'yan wasan Chelsea goma sha ɗaya, amma bai taɓa taka Dala ba alhali a Kano aka haife shi.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara lafiya, Malam. Kuma daga marinar zuwa filin wasa tafiyar ƙafa ce. Ka gama da rini, ka yi La'asar, ka shiga kallo.

Hajiya Maman Yara: Malam, na ji daɗin bayaninka, Dala da Gidan Makama ba ni da ja. Amma filin wasa fa? Ɗan Fagge, kai namiji ne, ka sa hularka ka kutsa. Ni wace ƙofa zan bi da 'yan mata biyu da ƙaramin yaro? A 2022 bayan wasa da Katsina United an farfasa motar baƙi, aka ci ƙungiyar tara, aka cire mata maki, aka hana ta wasa a gida, kuma a waccan kakar ta faɗa ƙaramin rukuni. Wannan ba ƙage ba ne, kowa ya sani. Uwa ba ta kai ɗanta inda take tsoron a fara jifa. Idan hutun iyali ake magana, to a yi maganar wurin da iyali za su iya zama.

Na Gunners: Kin gama magana, Hajiya. Abin da nake nufi ke nan. A gidan kallo ko an ci mu gardama ce kawai, kowa ya tafi gida.

Anti Nas: A'a, kada ka fake da Hajiya. Gidan kallon naka ma wace mace ce ke shiga? Wasan zakarun Turai sai takwas ko tara na dare ake farawa, ka dawo yara sun yi barci. Mai gida ya yi hutu, matar gida ba ta ga bambanci ba. A wannan gaɓar ku biyun duk jirgi ɗaya ya kwaso ku.

Ɗan Fagge: Hajiya, ba zan kare abin da ya faru a 2022 ba, abin kunya ne, kuma mu magoya baya mu muka fi shan zafinsa. Ƙungiyar ta dawo babban rukuni a 2023. Amma ga abin da na yi imani da shi: idan masu hankali suka ƙaurace wa filin, 'yan jagaliya ne za su gaje shi. Dattawa da ma'aikata da malamai su cika kujeru, yaron da ya ɗauki dutse zai ji kunyar idon babansa. A ware ɓangaren iyali, a tsare ƙofarsa, a sayar da tikiti tun kafin ranar wasa. Waɗannan duk abubuwa ne da za a iya yi, sai dai ba za a yi su ba muddin muna gidan kallo.

Hajiya Maman Yara: To a fara yi, sannan mu zo. Ba da 'ya'yana za a gwada ba.

Ɗan Maraɗi: Ku ba ni dama in sa baki daga wannan gefen iyaka. Ku duka kun ɗauka wasa shi ne ƙwallo. Mu a Nijar idan lokacin kokowar takobi ya zo, aiki kansa sassautawa yake yi. Tun 1975 ake yin ta, aka fara a Tawa, jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokowarta, kuma gasar tana zagayawa daga wannan jiha zuwa waccan. Mutum ya ɗauki hutunsa ya bi ta, ya ga kokowa, ya ga garin da bai taɓa zuwa ba, ya ci abincinsu, ya sauka gidan dangi. Mata suna zuwa, manya suna zuwa, makaɗa da maroƙa suna nan. Yaro a Doso ya san Issaka Issaka kamar yadda naku suka san Salah. Mu ma muna da gidajen kallo, muna son Barcelona, amma ba su cinye mana namu ba. Ku kuma kuna da dambe a dandalin Ado Bayero a Sabon Gari, inda ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada ke karawa, ban ji wanda ya ambace shi ba.

Malam na Gwale: Ka tuna mana abin da muka bari, ɗana. Haka hawan Sallah. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Hawan Daushe da hawan Nassarawa suna zuwa ne a ranakun Sallah, lokacin da yawancin ma'aikata suke gida. A shekarar da aka yi hawa, wannan kallo ne da tsohuwa da jariri duk suke samun wuri.

Na Gunners: Malam, ni ban ƙi Dala ba, ban ƙi hawa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mini ban huta ba. Mutanen da nake zama da su a gidan kallo, su suka zo mini gaisuwa da aka yi mana rasuwa, su suka haɗa mini gudummawa lokacin aurena. Wannan zaman ma zumunci ne. Yaya ya ce wurin zama kawai na sauya, wannan kalmar ce ta yi mini nauyi.

Ɗan Fagge: Zumuncin ban taɓa shi ba, ƙanena, Allah ya ƙara danƙo. Amma ina nan a kan bakana: hutun da aka gama shi ba ka kai 'ya'yanka ko'ina ba, akwai saura. Ka kwaso mutanen gidan kallon naku gaba ɗaya, wasan gida na gaba mu shiga tare, tikitinka a wuyana.

Na Gunners: Zan zo, in Allah ya yarda. Amma daren Talata da Laraba nawa ne, ba mai taɓa mini su.

Hajiya Maman Yara: Ku je filinku. Ni da Anti za mu bi Malam da yara ranar Asabar, Dala da marina. Malam, ƙarfe nawa za mu haɗu, kuma a ina?

Malam na Gwale: Bakwai na safe, a gindin dutsen. Kowa ya zo da ruwan sha, yara kuma su sa takalmi mai rufi saboda hawa.