Neman shawara: hutun ma'aikata a ƙaramin injin shinkafa

Mai injin, Argungu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin injin casar shinkafa, ma'aikata 12, biyu mata masu ɗinkin buhu. Har yau komai da baki muke yi. Yanzu ɗaya tana da juna biyu, wani kuma na neman sati 3 ya je girbi, sauran sun zuba ido su ga yadda zan yi. Me doka ta wajabta mini, me kuma ya rage ga ganin damata?

Barista, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam Alhaji. Dokar Ƙwadago ba ta duba ƙanƙantar wuri. Wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara, shi ma da biya, in ya kawo takardar likita. Kowane sati a ba shi yini guda na hutawa.

Mai juna biyu kuwa sati 12 ne: 6 kafin haihuwa in ta kawo takardar asibiti, 6 bayanta. In ta kai wata 6 a wurinka, dole ka biya ta aƙalla rabin albashi. Mai ɗaukar N60,000 za ta riƙa samun N30,000. Ba ka da ikon sallamarta tana cikin hutun. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana. Sati 16 da ake faɗa na ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, kada a ruɗe ka.

Babban giɓinka shi ne takarda. Doka ta ce cikin wata 3 da ɗaukar mutum ka ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce. Ran da aka kai ƙara ofishin ƙwadago, ita za a fara tambaya.

Akanta, Jega: Ƙari kan na Barista. Kuɗin NSITF, asusun gwamnati mai biyan diyyar rauni a wurin aiki, kashi 1 ne na jimillar albashin wata, daga aljihunka, ba a cire wa ma'aikaci. In albashin duka N720,000 ne, N7,200 ke nan. Wurin da bel da injin ke iya cin yatsa, wannan ya fi kome sauƙi. Fansho a dokar 2014 ya zama tilas daga ma'aikata 15: kai kashi 10, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Saura mutum 3 ka kai, ka sa shi a lissafi tun yanzu. Mafi ƙarancin albashi na N70,000 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Don asibiti, leƙa ofishin KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi.

Hajiya, jami'ar kula da ma'aikata: Alhaji, kwana 6 ɗin nan ƙasan ma'auni ne, ba zai ishi Bakabe mai gona ba. Ka sa kwana 12 ko 14, ka samu littafi guda, kowa da shafinsa. Ka rubuta cewa ba a wuce mutum 2 a hutu lokaci guda, kuma mai juya injin da mataimakinsa ba sa tafiya tare. Girbi shi ne lokacin da shanshera ke shigo maka, shi ne kuma lokacin da kowa ke son tafiya, don haka a nemi hutu wata guda kafin nan. Mai neman sati 3, ka ba shi kwanakinsa da biya, ragowar ba biya, ya sa hannu.

Doka ba ta ambaci rasuwa, suna, aikin Hajji ko takaba ba, alhali su ne ke kawo ɓacin rai. Ka yanke tun babu wanda abin ya shafa: kwana 3 ga rasuwar iyaye, mata ko ɗa, kwana 2 ga suna. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, ka fayyace nawa za ka biya a ciki. In ka bari sai ya faru, za a ce ka yi son kai.

Mai injin: Na gode ƙwarai. Wanda ya ce a ba shi kuɗi a madadin hutu fa?

Barista: Doka ta hana, sai in aikin ya ƙare tsakaninku. Kuna iya yarda a ɗage hutun, amma kada ya wuce wata 24 bai ci shi ba.