Me za mu kira "targeted therapy" da Hausa?

Jama'a, ku taimaka mini da kalma. Gwaggona ce aka ɗora kan imatinib, wanda ake sayarwa da sunan Glivec, saboda sankarar jini irin ta CML, ni kuma nake fassara mata takardar cikin kwali. Da na zo kan "targeted therapy", wato maganin daji da ke nufar wani abu guda a cikin ƙwayar cutar, sai na tsaya cak.

Ga yadda yake aiki, don mu san abin da muke raɗa wa suna. A wannan cuta, kuromosom (zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) na 9 da na 22 ne ke musayar gutsure, sai a samu wani sinadari, BCR-ABL, da ke ta zuga fararen ƙwayoyin jini su yi ta yawa ba birki. Imatinib shi yake nema ya toshe. Kemo na da, wato maganin daji da aka saba da shi, yakan bi duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, mai laifi da marar laifi. Imatinib kuwa, tun 2001 aka amince da shi a Amurka.

Wani malamin Hausa ya ce "maganin kai-tsaye". Allah ya gafarta Malam, ban karɓa ba. Da na faɗa wa Gwaggo haka, cewa ta yi, "To sati ɗaya ya isa ke nan?" Magani ne na kullum, galibi miligiram 400, da abinci da babban kofin ruwa, shekaru ana sha, ba a tsallake rana, ba a dainawa wai don an ji jiki ya yi daɗi.

"Mai bara" ma an kawo, barar maharbi, amma a rubuce sai ka zaci almajiri ne ko shekarar da ta wuce.

Ni na fi son "maganin daji mai saiti". Kowa ya san saitin bindiga, ya kuma san ko da saiti ya yi kyau, tana iya dukan kafaɗar mai harbi. Wannan nake so kunnen Gwaggo ya kama. Da safe fatar idonta kan kumbura kamar ta kwana tana kuka, ƙafa ta ɗaure mata tsakar dare, ga tashin zuciya. Jini kan yi ƙasa, hanta kan ji jiki, shi ya sa gwajin jini ba fashi. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Arewa, maganin na iya tayar masa da shi, sai an gwada kafin a fara. Yana illa ga ɗan tayi. Garehul da ruwansa a bar su. Ko farasitamol ba a yawaita shi sai an tambayi likita, balle jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke ciko jarka da su.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce a asibiti "mai saiti" zai fi saurin shiga baki. Shi na rubuta da biro a bayan kwalin, Gwaggo ta maimaita sau biyu ta kora da ruwa.