Kwamfuta mai Windows da Linux ta ƙi tashi: abin da kowa ya gani a tasa

Malamin kwamfuta, Sabon Gari

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun da ɗalibai da ma'aikata a nan Damagaram suka fara zuba Linux kusa da Windows a kwamfuta ɗaya, musamman masu karatu a Jami'ar André Salifou, kukan da na fi ji shi ne na ranar da aka kunna kwamfuta ta ƙi tashi, ko ta tashi da ɗaya ta manta da ɗayan. Abin da ya fi damuna shi ne maganin da aka fi ba mutum, wato a goge faifai baki ɗaya a sake zubi, alhali galibi takardunsa suna nan lafiya lau, ƙofar shiga ce kawai ta toshe. Ina roƙon duk wanda abin ya taɓa samu ya faɗa mana abin da allo ya rubuta da yadda ya yi ya fita.

Nawa mai sauƙi ne. Bayan da aka sake zuba Windows a wata HP ta ɗakin karatunmu, jerin zaɓin GRUB, wato shirin da ke ba mutum zaɓi tsakanin Linux da Windows idan an kunna kwamfuta, ya daina fitowa, domin Windows ta ɗora mai tayar da ita a sahun gaba. Na danna F9 tun kafin tambari ya wuce, na tarar da sunan ubuntu, wato Linux ɗin da ke ciki, a jerin tashi da ya buɗe, na zaɓe shi ya tashi, daga baya na shiga saitin BIOS, wato saitin na'urar kanta da ke fara aiki kafin Windows ko Linux, ta F10 na maido shi sama. A Dell da mafi yawan Lenovo, F12 ne ke buɗe wannan jeri.

Ɗaliba daga Birni

Wa alaikumus salam Malam. Tawa ta fi wannan tayar da hankali, domin babin ƙarshe na kundin kammala karatuna yana ciki. An yanke wani ɓangare na faifan daga cikin Windows don a samu wurin ajiya, lambobin ɓangarorin suka sauya, washegari sai baƙin allo da rubutu layi biyu: error: unknown filesystem, a ƙasa kuma grub rescue. Ma'anarsa ita ce GRUB ya tashi, amma ya je neman sauran kayansa a ɓangaren da ba sa nan.

Yayana ne ya riƙa karanta mini umarnin ta waya, kuma wahalar da muka sha ba ta umarnin ba ce, ta madannai ce. Kwamfutocinmu na nan AZERTY ne irin na Faransa, shi kuwa GRUB a wannan hali QWERTY na Amurka kaɗai ya sani. Idan na danna a sai q ya fito, idan na danna m sai wata alama ta fito a madadinsa. Sai da na zana madannan Amurka a bayan littafina na ajiye a gefe: harafin m yana kan madannin waƙafi, waƙafi yana kan wanda ke damansa, alamar / tana kan madannin alamar motsin rai, baka biyu kuma suna kan 9 da 0 tare da Shift, lambobi kuwa suna fita kai tsaye ba tare da Shift ba. Da wannan na rubuta ls, ya jero ɓangarorin faifan, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ls (hd0,msdos5)/ har na ga wanda ke ɗauke da boot da home. Daga nan na rubuta set root=(hd0,msdos5), sai set prefix=(hd0,msdos5)/boot/grub, sai insmod normal, sai normal, jerin zaɓi ya dawo. Wannan gyaran na tashi ɗaya ne kawai, saboda haka da na shiga Linux na bi shi da sudo grub-install /dev/sda da sudo update-grub. Lambar 5 ta tawa ce, kowa ya duba tasa.

Mai gyara, kusa da Kasuwar Dole

Malam, a yi mana adalci kaɗan: mai kaya yakan zo yana son kwamfutarsa kafin la'asar, gogewa kuma ita ce hanya mafi sauri, ko da yake ni ma ba na sonta. Abin da na fi gani a teburina shi ne mutuwar ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allon ciki, CR2032 mai bolt 3. Yawancin kwamfutocin tebur da ke hannun mutane na gwanjo ne, batirinsu ya daɗe da tsufa. Muddin wuta tana jone ba za a gane ba, amma da an ɗauke wuta sai BIOS ya manta duk saitin da aka yi masa ya koma na masana'anta. Idan an zuba manhajojin biyu saitin yadda na'ura ke magana da faifai yana kan AHCI, sannan ya koma RAID, Linux ba zai ga faifan ba, Windows kuma ta nuna shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Alamar da nake fara dubawa ita ce kwanan wata: idan BIOS ya koma shekarun baya, batiri ne. A sauya shi, a maido saitin, shi ke nan.

Na biyu shi ne wanda aka zuba masa Windows ta sabuwar hanyar tayar da kwamfuta ta UEFI, Linux kuma ta tsohuwar hanyar Legacy. Waɗannan biyun ba sa ganin juna ko an shekara ana sabunta GRUB. A Windows a rubuta msinfo32 a ga yanayin BIOS, a Linux kuma a duba ko akwai /sys/firmware/efi. Idan babu, da tsohuwar hanya ya tashi.

Akawu, Garin Malam

Ni ma ɗauke wuta ce ta kama ni, amma ta wata fuskar. Batirin kwamfutar cinyata ba ya riƙe caji, wuta ta tafi ina tsakiyar aiki a Linux, da ta dawo sai ya tsaya a wani layi mai suna initramfs, a sama kuma ya rubuta cewa a gudanar da fsck, wato umarnin duba faifai da gyara shi, da hannu, har ya ambaci sunan ɓangaren da ya samu matsala. Na rubuta fsck -y /dev/sda6 kamar yadda ya nuna, ya gyara abin da zai gyara, na rubuta exit ya tashi.

Akwai kuma wata da ta daɗe tana ba ni mamaki: ina iya buɗe takardun da ke ɓangaren Windows daga Linux, amma ba na iya adana komai a ciki. Ashe tun daga Windows 8 ta 2012, kashewar da muke yi ba cikakkiya ba ce, barci take yi don ta tashi da wuri, Linux kuma yana ƙin rubutu a ɓangaren da aka bari a wannan hali don kada ya ɓata shi. A Windows ta Faransanci ana cire alamar da ke kan démarrage rapide, wato tashi da sauri, a cikin saitin wuta, ko a riƙe Shift yayin kashewa.

Ɗan Zango

Ni tawa tana tashi, agogo ne kawai ke komawa baya da awa ɗaya duk lokacin da na fito daga Linux na shiga Windows. Linux yana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows tana ɗaukarsa lokacin gida, Nijar kuma tana gaba da UTC da awa ɗaya. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 ya daidaita su.

Malamin kwamfuta, Sabon Gari

Na gode ƙwarai, kuma na karɓi uzurin mai gyara. Ƙanwata ta Birni, zanen madannan nan naki zan manna shi a bangon aji. Bari in ƙara biyu da ba a ambata ba. Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021, an kashe os-prober, wato ɗan shirin da ke neman sauran manhajoji a faifai, saboda haka wani zai ga Linux kaɗai a jeri ya ɗauka Windows ta salwanta. A buɗe /etc/default/grub a rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan a yi sudo update-grub. Haka kuma a watan Agusta na 2024, wata sabuntawar tsaro ta Windows ta hana tsofaffin Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu a ƙasashe da dama, da saƙon da ke ambaton SBAT, kuma hanyar fita a lokacin ta fara ne da kashe Secure Boot, wato tsaron tashi da ke cikin saitin BIOS, na ɗan lokaci.

Mai gyara, kusa da Kasuwar Dole

Malam, a nan ne nake so a yi hattara. Idan faifan Windows yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, taɓa Secure Boot na iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, kuma wanda ba shi da shi, ni ma ba ni da yadda zan yi masa. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da kullen a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Kafin a taɓa komai a BIOS, a buɗe layin umarni na Windows da izinin mai gudanarwa, a rubuta manage-bde -protectors -get C: a kwafe lambobin a takarda. Wanda ya shiga Windows da asusun Microsoft zai iya samun mabuɗin a cikin asusun ta wayarsa.